Shekarar da Fitilar Motar Baba Ta Ƙi Tsayawa

Akwai wata magana da kuka taso kuna ji a gidan nan, har na ji ɗayanku yana maimaita wa 'ya'yansa ita ranar sallar da ta wuce: wai ba don Baffa Habibu ba, da motar kakanku ta daɗe da zama akurkin kaji. Ina zaune a kan tabarma na ji, ban tanka ba. To yau zan faɗa. Da na yi shiru ne saboda Baba yana raye, daga baya na ci gaba da shirun saboda kunyar ƙanena. Yanzu gemuna ya yi fari fat, kunyar ta ƙare. Ku ji yadda aka yi a shekarar da fitilar motar nan ta yi ta rawa, sannan kowa ya faɗi son ransa.

Motar dai kun san ta, ga ta can a rumfa, Dattijuwa. Baba ya saye ta ne a hannun wani ma'aikaci lokacin da harkar gyaɗa take ci, ina saurayi, kuma ita ce mota ta farko da ta taɓa kwana a ƙauyen nan. Da kansa yake tuƙa ta, da kansa yake buɗe bonet ya san abin da ke damunta, har zuwa lokacin da gwiwa ta hana shi taka kuloci. Daga ranar makulli ya dawo hannuna. Ni ne mai wanke ta da ruwan rijiya tun kafin in tafi gona. Ni ne mai duba baƙin mai, mai zuba ruwa a lagireto, mai korar awaki kada su hau mata kai. Ranar kasuwar Tsanyawa ni nake kai shi, in an yi rasuwa a Makoda ni, in zai je ganin masu tumatir a Watari ni. Shi a gaba, carbi a hannu, ni a kan sitiyari. Ba ma wata hira, amma kujerar nan tasa tana kusa da tawa, kuma wannan ya ishe ni.

Na ce ya ishe ni ne saboda ku 'ya'yan yanzu ba ku san abin da ake nufi da ɗan fari ba, ku da ubanku ke kama sunanku har da tsokana. A zamaninmu uba ba ya faɗar sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya yaba masa a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tarar. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Garba a bakin Baba ba. In yana so na, sai ya ce "kai". In yana maganata da wani, sai ya ce "wancan". Habibu kuwa auta ne, an haife shi ina riƙe da garma. Shi sunansa a bakin Baba yake kwana. Habibu zo, Habibu ci, ina Auta ya shiga. A kafaɗa yake ɗaukarsa zuwa masallaci. Ina babba da ni, da gemu ya fara tsiro, sai dai in bi yaro ƙarami da kallo. Ban taɓa ƙin Habibu ba, Allah ne shaida. Amma kishinsa kam na yi, kuma ban daina ba.

Da ya girma sai ya ce shi ba zai yi noma ba, Kano zai tafi ya koyi rewaya, wato gyaran wutar mota. Ya kuma zaɓi lokacin noman farko ya faɗa, ciyawa ta cinye gero, muna neman hannu ido rufe. Baba ya lallashe shi, ya ƙi. Ya yi masa faɗa, ya ƙi. A zauren nan, gaban maƙwabta, Baba ya miƙe ya ce:

"In ka sa ƙafa ka fita, wallahi bakina ba zai ƙara ce maka ka dawo ba."

Habibu ya fita. Shekaru suka yi ta tafiya, Inna ta rasu a tsakani, Habibu ba ya zuwa sai da salla, ya gaisa a tsaye ya koma a ranar. Baba mutum ne da in ya rantse ya rantse. Ni kuwa ba zan yi muku ƙarya ba, shekarun nan na ji daɗinsu. Zauren ya zama nawa, motar ta zama tawa, tsohon ma ya zama nawa ni kaɗai, ko da dai da "kai" yake kirana.

A farkon daminar shekarar da nake ba ku labari, muna dawowa daga kasuwar Tsanyawa dab da magariba, na kunna fitila sai na ga abin da ban taɓa gani ba. In na taka totur sai haske ya tashi, in na sassauta sai ya koma ja kamar aci-balbal. Da muka shiga gargada sai ta fara ƙiftawa, ta ɗauke ta kawo, ita ma jar fitilar batir da ke gabana tana leƙowa tana komawa. Muka iso gida lafiya. Da gari ya waye na murɗa makulli, sai ƙas, ƙas, shiru. Dattijuwa da ba ta taɓa neman turi ba, ranar sai da maƙwabta suka tura ta har bakin masallaci. Baba yana zaune a dakali yana kallo. Da na dawo sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Wannan aikin rewaya ne. An ce akwai wani a Kano da ya iya."

Na ce, "Baba, wane ne a Kano?"

Ya ce, "Kai ma ka sani. Ni dai ban ce kowa ya dawo ba. Mota ce ta lalace."

Na ce a bar ni in gwada tukuna. Na cire kan batir na wanke farin gishirin nan da ruwan zafi, na goge da sanfefa har yana ƙyalli. Na ƙara wa batir ruwa. Na ja fanbel na ɗaure shi tamau, don na san in ya saki caji ba ya zuwa. Na ɗora batir a bayan babur na kai wa mai caji a Tsanyawa, ya cika shi, ya ce lafiyarsa ƙalau. Na dawo na ɗaura, ta tashi bugu ɗaya, na ce alhamdu lillahi. Kafin mako ya zagayo ta sake mutuwa, fitila kuwa rawarta ba ta fasa ba. Mahaifiyarku Hajara ce ta miƙo mini waya ta ce, "Malam, kira ƙaninka, tsohon nan tun safe bai ci komai ba." Na kira, muryata kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Ranar Juma'a ya sauko daga bas da 'yar jakarsa. Kafin ya gama cire takalmi Baba ya sa an kama zakara, jan nan babba da ake ajiye wa baƙi. Ni da na yi shekara da shekaru ina wanke motar nan, ko ƙwai ba a taɓa fasa mini ba. Bayan la'asar muka fito rumfa. Habibu ya buɗe bonet, ya ciro wani ɗan kwan fitila mai waya a gindi, yana taɓa nan yana taɓa can. Ya sunkuya ya cusa hannu can ƙasa, sai na ga ya tsaya cak. Ya ɗago ya dubi Baba a dakali, Baba yana ta jan carbi yana kallon bishiyar darbejiya. Sai ya juyo gare ni ya ce:

"Yaya, shiga ka tayar, ka kunna fitila, ka ba ta wuta."

Na shiga. Bonet ya kare mini shi, ba na ganin abin da hannunsa ke yi. Ina kallon hasken a jikin katangar zaure yana rawa, yana rawa, sai kawai ya tsaya, fari tas, ko motsi ba ya yi. Na fito na ce, "Me ya same ta?"

Ya ce, "Ƙaramin abu ne, Yaya. Tsufa ne."

Na ce, "Nuna mini."

Ya yi dariya ya rufe bonet ya ce, "In na nuna maka, me zan ci?"

Baba ya ƙyalƙyale da dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun Inna na da rai. Sannan ya ce a fita da ita a gwada a kan hanya, kuma mai gyara shi ya kamata ya tuƙa don ya ji ta da kyau. Habibu ya miƙo mini hannu, na ajiye masa makulli a tafi. Baba ya shiga gaba. Ni Garba, da furfurata, na buɗe ƙofar baya na zauna inda ake ɗora buhun taki. Ban taɓa sanin motar nan tana da zafi haka a baya ba. Suna gaba suna ta hira, ina jin "Habibu, ka tuna", "Auta, dubi gonar wane", ni kuwa ƙeyarsu kawai nake kallo har muka je muka dawo.

Da abin ya tsaya nan da na haƙura. Amma bayan 'yan makonni fitila ta sake ɗaukar rawa, batir ya sake kwana babu wuta. Aka kira Habibu, ya zo, aka kama zakara, ya tura ni ciki in ba ta wuta, haske ya tsaya. Gero ya yi kai, aka sake. Da farko kwana ɗaya yake yi, daga baya ya koma yana kaiwa Lahadi. A majalisar bakin masallaci kuwa na zama abin tsokana. In na zo wucewa sai a ce, "Malam Garba, ya jikin Dattijuwa? Ko a kira Auta?" Wani ma cewa ya yi wanki daban, gyara daban. Na yi dariyar yaƙe na wuce. Na fara zargin Habibu da cewa rabin gyara yake yi da gangan, don ya riƙa zuwa yana cin kaji yana karɓar makulli. Na faɗa wa Hajara haka tana tankaɗe. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce:

"Malam, kishi ne ke cin ka."

Na ce, "Eh, kishi ne. Sai me? An hana ne?"

Daga nan na ɗaura niyyar sai na gano ciwon motar nan da hannuna. Akwai wani tsohon rewaya a Makoda, na je na zauna a bencinsa na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce in fitila tana bin totur, tana tashi tana sauka, to batir ba ya samun abincinsa yadda ya kamata, kuma wurin nema ba shi da yawa. Ko bel ne yake zamewa, ko burushin da ke cikin altaneta ya cinye, ita ce tukunyar da ke haifar da wutar, ko kuma wata waya ce ta saki. Na ce bel na ɗaure, kan batir na goge. Ya ce to in ciro masa altanetar. Na dawo gida na yini a ƙarƙashin bonet, na ƙuje 'yan yatsuna, na ciro ta, na naɗe a buhu na kai masa. Ya buɗe ya ce burushin da sauransa, amma tunda an zo a sa sabo. Da zan tafi ya nuna mini wani ɗan noti a bayanta, wanda ke riƙe da babbar wayar da ke kai wuta batir. Ya ce wannan in ka mayar, ka ɗaure shi da kyau. Na mayar, na ɗaure shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Da magariba ta yi na kunna fitila a jikin katanga, haske ya tsaya cak. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na je na durƙusa gaban Baba na ce:

"Baba, na gyara ta. Ba sai an ƙara wahalar da kowa daga Kano ba."

Can ya ce, "To, madalla." Ya juya ya ci gaba da jan carbinsa. Na tashi da madallar nan a hannu, ban san inda zan ajiye ta ba.

Mako biyu ko uku motar tana lafiya, Baba kuwa yana ramewa. Ba ya cin abinci sosai, ba ya fita dakali. Ni ban haɗa biyun ba, ina can ina jin daɗin majalisa ta yi shiru. Sai aka yi rasuwa wajen Watari, wani tsohon abokin cinikinsa, ya ce in kai shi gaisuwa. Mun taso da la'asar sakaliya, rana tana nan, ban ma yi tunanin fitila ba. Ba mu yi nisa ba hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, gari ya rufe, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na kunna fitila, sai ga rawa. Muka faɗa wani rami, ta ɗauke gaba ɗaya. Da ta kawo, abin da na gani shi ne bayan amalanke da ƙahonin shanu, ga su nan a hancin mota. Na murɗa sitiyari ina salati, muka sauka daga hanya muka kutsa cikin dawar mutane, injin ya mutu. Goshin Baba ya bugi gilashi, hularsa ta faɗo. Mai amalanken ma bai san abin da ya faru ba, ya yi gaba abinsa.

Na duba Baba, ɗan ƙulu ne kawai, ba jini. Na fita cikin ruwan na buɗe bonet, ban ma san abin da nake nema ba. Na taɓa kan batir, daram. Na taɓa bel, daram. Sai na ji an sauke gilashi, muryar Baba ta fito a hankali:

"Kai. Bayan altaneta."

Na cusa hannu. Notin nan da na ɗaure da duk ƙarfina, da zafi kamar garwashi, yana juyawa da ɗan yatsa. Na ɗago. Baba ya miƙo hannu ta taga, ruwa yana dukan hannun rigarsa, yana riƙe da 'yar sifana lamba goma. Daga aljihun babbar rigarsa ya ciro ta, inda yake ajiye goro.

Na karɓa na ɗaure. Na rufe bonet na shiga na zauna, ruwa yana zuba daga jikina a kan kujera. Ban tayar da mota ba. Na ce:

"Baba, kai ne?"

Ya ce, "Ban san za a yi hadari ba."

Na ce, "Tun farkon damina kai ne?"

Ya ce, "Na rantse a gaban mutane. Bakina ba zai ce ya dawo ba, kuma bai ce ba."

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma abin da ke cikina tun ina yaro ya fito. Na ce, "Ka bari ana yi mini dariya a bakin masallaci. Ka bari na zauna a baya. Na bar gona na je Makoda na dawo, na gyara maka, ko kallona ba ka yi ba. Shi da ya tafi ya bar ka da ciyawa, shi kake lalata motarka saboda shi. Ni fa, Baba? Ni fa?"

Ya ɗauki hularsa ya karkaɗe ya mayar. Ya ce:

"Kai ai kana nan."

Shi ke nan abin da ya ce. Na san a wurinsa yabo ne, wataƙila ma shi ne yabo mafi girma da ya taɓa yi mini. Amma ni a kunnena ba haka ya sauka ba. Abin da na ji shi ne, ni ba a kewata, tunda ban taɓa ba da damar a yi ba. Har na yi tunanin da na sani ni ma na gudu Kano tun ina saurayi, in ga ko za a kwance wani abu saboda ni.

A hanyar gida na yi ta juya abin. Ina iya zuwa majalisa gobe in faɗa, a san Garba bai gaza ba. Ina iya kiran Habibu in ce masa ya huta, motar lafiyarta ƙalau. Ko kuma in ƙwace sifanar in jefa a rijiya. Kowanne na so shi, na ƙarshen ma na fi so. Amma ina satar kallon tsohon a gefena, ga ƙulu a goshi, ga wuya ya zama siriri cikin makonnin nan da na gyara mota. Da muka tsaya a rumfa ya miƙo hannu a ba shi abarsa. Na sa ta a aljihuna na ce:

"Ta zauna a wurina. Daga yau ni zan riƙa kwancewa. Amma ba za ta ƙara hawa hanya a kwance ba, kuma ba za ka ƙara sunkuyawa cikin inji da wannan gwiwar ba."

Ya dafa kafaɗata ya fito daga mota, kuma ya ɗan daɗe bai ɗauke hannun ba.

Haka muka yi har aka yi girbi, har rani ya shigo. In na ga ya fara barin tuwo a kwano, ko ya fara tambayar yau wace rana, sai in shiga rumfa in kwance notin. Da magariba in kunna fitila a jikin katanga, in ce, "Baba, ta sake." Shi kuma ya ce, da fuskarsa a ɗaure kamar gaske, "To, ai sai a nemi mai gyara." In ɗauki waya da hannuna in kira. In kama zakara da hannuna, wani lokacin ma daga cikin nawa. In miƙa makulli, in buɗe ƙofar baya. Kada ku zaci na saba. Ko sau ɗaya ban saba ba. Duk ranar da na ji dariyarsu a zaure sai na ji kamar in fasa wani abu, kuma duk ranar da aka ce mini "ko a kira Auta" sai na ciji leɓe. A nan ne maganar da kuke ji ta samo asali, cewa Garba wanki kawai ya iya. Ni na gina ta da sifana lamba goma. Ko mahaifiyarku ban faɗa wa ba, ko da yake wata rana tana wanke rigata ta tsinci sifanar, ta dube ni, ta mayar da ita aljihun.

Baba bai ga damina ta gaba ba. Wata Laraba da safe na kai masa koko na ga yadda yake numfashi, ban jira magariba ba. Na shiga rumfa na kwance, na kira Habibu na ce motar ta sake, kuma wannan karon ya taho yau. Ya iso kafin azahar, bai ko kalli rumfar ba. Washegari da hantsi Baba ya cika, kansa a kan cinyar Habibu, ni ina riƙe da ƙafafunsa. Kafin kalmar shahada ya kira Auta ya fi a ƙirga. Ni kuwa abin da na samu shi ne, ya nuna ƙusar da ake rataye makulli ya ce:

"Na wancan ne."

Har ya koma ga Allah bai ce Garba ba.

Bayan sadakar bakwai, mutane sun watse, na tarar da Habibu a rumfa ya buɗe bonet. Ya miƙo mini hannu ba tare da ya juyo ba ya ce, "Yaya, ara mini ta aljihunka, tawa tana Kano." Na dafe aljihuna. Ya ce:

"Tun zuwana na farko na sani. Noti ba ya kwance kansa ya bar sawun sifana. Kuma na san ranar da aikin ya canza hannu. Baba ɗan kaɗan yake sassautawa, yana tausayin motarsa. Kai kuwa, Yaya, sai ya kusa faɗuwa ƙasa. Da haushi kake kwancewa."

Na ce, "Da haushi mana. Da me kake so in kwance?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ya ce shi da za a tambaye shi, ya fi son a ce masa "kai" kullum safiya da a riƙa kiransa ta bakin mota. Ya ce ni na samu Baba na shekara da shekaru, shi Juma'a kawai ya samu. Na ba shi sifanar ya ɗaure, na karɓi abata. Maganarsa tana da kan gado, ban musa ba. Amma ban yarda ba, kuma har yau ban yarda ba. Shi ya ci kajin, shi ya ji dariyar, cinyarsa aka zaɓa. Yana nan da ransa a Kano, ku je ku tambaye shi in na ƙara ko da kalma ɗaya.

To kun ji. Ba Baffanku ne ya raya Dattijuwa ba, lafiyarta ƙalau tun asali, kuma tun daga ranar nan fitilarta ba ta ƙara ko ƙiftawa ba. Ni nake wanke ta har yau, ko da yake yanzu sai na huta a tsakani. Ku kuwa duk kun watse, wannan yana Kano, wannan yana Kaduna, gidan ya rage daga ni sai Hajara sai awaki. Ina kama sunan kowannenku, har babbanku, ban yi muku irin ta Baba ba. Ban kuma taɓa rantsuwa a kan kowa ba.

Sai dai shekaranjiya da magariba na kunna ta a jikin katangar zaure, na ga hasken yana tashi yana sauka. Sifanar tana aljihuna, gaskiya ne, amma wallahi ban taɓa notin ba. Na san inda zan duba, gwiwata ce ba ta son sunkuyo. Kada wanda ya kira mini Habibu. Ni dai ban ce kowa ya dawo ba. Mota ce ta lalace.